Babi na Shida: Mai Kaki a Bakin Hanya

Motar da ta tashi daga Tamaske da lodin albasa, ko ta bi ta Tawa ta gangara Badagishiri da Tsarnawa har Ƙonni, ko ta yanka ta Kaita da Buza ta hau babbar kwalta a Madawa, direbanta ya san za a ɗaga masa hannu a hanya, kuma ba sau ɗaya ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 100,000 a gundumar Tamaske kaɗai, kuma da wuya ka shiga gidan da babu ɗan cin rani ko ɗan kasuwa a cikinsa: wani yana Sakkwato, wani Kano, wani Legas ko Abijan, wani kuma ya haura Agadas ya nufi Libiya. Ana fita da kaya a dawo da kuɗi, ko a fita da kuɗi a dawo da kaya, kuma duk wanda ke bakin hanya ya san haka, har da mai neman raba matafiyi da abin da ya ɗauko. Ɓarawo mai wayo ya daɗe da gane cewa bin mota a guje wahala ce, harbin taya kuma yana tara jama'a. Mafi sauƙi shi ne direba ya taka birki da ƙafarsa, ya sauke gilashi da hannunsa, ya ce “ranka ya daɗe, shef”. Abin da aikin ke buƙata bai wuce riga mai kama da ta hukuma ba, da tocila mai ƙarfi, da igiya ko tsohuwar taya da za a gitta a hanya.

Shawarar da aka fi bai wa matafiyi ita ce ya buɗe ido ya dubi kakin da kyau: launinsa, hularsa, tambarin kafaɗa, takalmin ƙafa. A ganina wannan shawara ta fi kwantar da hankali fiye da yadda take kare rai. A Nijar masu ikon tsayar da mota suna da yawa, akwai ƴan sanda, akwai jandarma, akwai gardin ƙasa, akwai duwan, akwai ma'aikatan gandun daji, ga kuma soja a inda tsaro ya taɓarɓare, kowa da irin tufafinsa, wasu ma da iri biyu ko uku. Da ka tsallaka iyaka zuwa Illela ta Najeriya sai lissafin ya ninka: ƴan sanda da mobal, kwastan, jami'an shige da fice, masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, masu kula da haɗurra, sibil difens, ƴan banga, sannan sababbin dakarun da jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato suka kafa tsakanin 2023 da 2024. Manomin da ke zaune a kan buhu a bayan mota ba zai haddace wannan duka ba, direban da aka dalle wa tocila a ido ƙarfe biyu na dare kuwa ko launin rigar ba ya gani. Ko da ya gani ma, tela yana ɗinka kaki, ana sayen na gwanjo, kuma ƴan bindiga suna tuɓe na gaske daga jikin waɗanda suka kashe. Ranar 17 ga Satumban 2013, mayaƙan Boko Haram sanye da kayan soja suka kafa shinge a Benishek, kan hanyar Maiduguri zuwa Damaturu, suka riƙa tsayar da motoci suna sauke mutane. An kwashe gawa sama da 140. Waɗanda suka shiga makarantar Chibok a watan Afrilun 2014 sun ce wa ƴan matan su sojoji ne da suka zo kare su. Ƙasashen da ake ganin sun fi mu tsari ma ba su tsira ba. A Norwe, a watan Yulin 2011, Anders Breivik ya shiga tsibirin Utoya da kayan ɗan sanda, matasa suka taru gare shi suna ganin ceto ya zo, ya kashe 69 a wurin. A Kanada, a watan Afrilun 2020, wani ya shirya mota sak irin ta ƴan sanda, da fenti da fitilu, ya kashe mutum 22 cikin ƙasa da kwana guda, wasunsu a kan hanya ya tare su.

Katin aiki ma bai kai yadda ake zato ba. Wanda ya tare Sarah Everard a Landan a watan Maris na 2021, daga baya ya kashe ta, ɗan sanda ne na gaske, katinsa na gaske, ankwarsa ta gaske. Abin da ya kasance na ƙarya shi ne kamun kansa: ba a bakin aiki yake ba, babu ofishin da ya aike shi, motar da ya sa ta a ciki ta haya ce. Wannan shari'a ta nuna inda ya kamata matafiyi ya sa ido. Sanin ko mutumin jami'i ne bai wadatar ba, sai an san ko abin da yake yi a wannan lokaci aikin hukuma ne, wanda wani na sama da shi ya san da shi kuma zai iya tambayarsa a kai gobe.

A nan ne matsalarmu take, kuma faɗinta ba daɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ba ɓarawo ne ya tsaga shi ba. Ɗan sandan bogi yana cin kasuwarsa ne saboda na gaske ya saba wa jama'a da ɗabi'ar da ba ta da bambanci da ta ɓarawo. A dubi yadda tsayawa take kasancewa a shinge da yawa. Mota ba ta gama tsayawa ba yaron mota ya diro da wata tsohuwar jakar leda da takardu a ciki, ya nufi inuwar da aka ajiye benci. A tsakanin kart giris da takardar asirans an naɗe ƴar takardar dala ɗari, ko jikka in lodin ya yi nauyi. Ba a buɗe takardun, ba a karanta su, ba a rubuta komai. Jaka ta dawo ta ɗan rage nauyi, wani yaro da ba kaki a jikinsa ya saki igiya, mota ta wuce. Duk abin bai kai minti biyu ba. To, a cikin wannan wane abu ne ɓarawo ba zai iya kwaikwaya ba? Ba a tambayi suna ba, ba a ba da rasit ba, mai riƙe da igiyar ma ba ma'aikaci ba ne. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, ƙarƙashin Jean-Pierre Olivier de Sardan da Giorgio Blundo, sun bi diddigin wannan a Nijar da Benin da Senegal tun farkon shekarun 2000, kuma wanda ya ɗauki ɓangaren sufuri da duwan a cikinsu, Nassirou Bako-Arifari, daga baya ya zama ministan harkokin wajen Benin. Cikin abin da suka nuna har da yadda jami'ai ke jingina da ƴan kore marasa albashi, irin waɗanda ake kira karen duwan, masu tare mota da karɓar kuɗi da sunan maigidansu. Idan hukuma da kanta ta koya wa direba cewa mutum marar kaki, marar suna, yana iya tsayar da shi ya karɓi kuɗi ba takarda, ai ta riga ta yi wa ɗan bogi rabin aikinsa.

Hukumomi sun san da wannan, shi ya sa suke ta yin doka a kai. A ƙarshen 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta fitar da umarnin taƙaita binciken motocin kaya a manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashe, ta ce a yi shi a wurin tashi, da kan iyaka, da wurin sauke kaya. Aka kuma kafa sashen sa ido mai ƙirga shingaye da kuɗin da ake karɓa da lokacin da ake ɓata wa direbobi, kuma rahotanninsa shekara da shekaru suna nuna cewa abin da ke kan hanya ya zarce abin da ke kan takarda. A Najeriya, Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin kwashe shingaye a 2012, waɗanda suka gaje shi ma suka maimaita, kuma maimaitawar kanta shaida ce cewa umarnin bai zauna ba. Rundunar ƴan sanda ta SARS ta fi kowa nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Jami'anta sun riƙa yawo da kayan gida, cikin motoci marasa alama, da bindiga a hannu, har ya zama mutumin da suka tare ba ya iya rantsuwa ko ƴan sanda ne ko ƴan fashi. A farkon Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana su tare hanya, ya ce kada wani jami'i ya sake fita aiki ba kaki, ranar 11 ga watan kuma aka rusa rundunar bayan zanga-zanga ta cika titunan ƙasar.

Tunda kaya da kati ba su isa ba, abin da ya rage wa matafiyi shi ne abubuwan da suka fi wuyar sata, kuma mafi girmansu shi ne wuri. Shingen hukuma na dindindin yana da mazauni da kowa ya sani: mashigar gari, mararraba, kusa da gada, bakin iyaka. Akwai rumfa ko ɗaki, akwai mota ko babura na aiki, akwai jami'ai fiye da biyu, galibi akwai mai shayi da masu tallar gyaɗa da ƙwai a gefe. Waɗannan masu talla shaidu ne, kuma ɗan bogi ba ya son shaida. Shi wurinsa kwana ne mai duhu, ko gangaren dutse inda dole mota mai lodi ta rage gudu, ko mashigin ƙorama inda ruwan damina ya cinye hanya, kuma ƙasar Adar, inda Tamaske take, da kwazazzabanta ba ta rasa irin waɗannan wurare. Bayan wuri sai abin da aka fara tambaya. Jami'in da ya fito aiki takarda yake nema: permi, kart giris, asirans, katin ɗan ƙasa na fasinja. Ko mai neman na goro ne, ta ƙofar takarda yake shigowa. Wanda ya fara da “kawo mabuɗi”, ko “kowa ya miƙo wayarsa”, ko “wane ne mai kayan nan”, ya nuna abin da ya kawo shi. Alamar da ta fi kowace muni kuwa ita ce a nemi raba mutum da hanya: a ce direba ya karkata cikin daji, ko a zaɓi fasinja ɗaya, musamman mace ko wanda aka ga alamar kuɗi a jikinsa, a ce ya shiga wata mota marar lamba a kai shi wurin shugaba. Jami'in gaskiya da ke da dalilin tsare mutum yana da birgad ko komisariya da zai kai shi, yana iya faɗin sunanta a gaban kowa, kuma ba abin da zai rage shi in motar ta bi bayansa har can.

Rasit ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da direbobi suka fi rainawa alhali shi ya fi raba gaskiya da ƙarya. Tarar da doka ta sani tana da littafi mai lamba da hatimi, wanda ake yaga wa direba rabi, rabi ya zauna a ofis. Ɗan bogi yana iya sayen riga, amma ba shi da ofishin da zai mayar wa da littafi, kuma ba ya son barin rubutun hannunsa a aljihun wanda ya cuta. Na san lissafin da direba ke yi: tara mai rasit ta fi na goro tsada, ga ɓata lokaci, albasa kuwa ba ta jiran kowa a cikin zafin bazara. Lissafin daidai ne in tafiya ɗaya ake dubawa. In aka dubi shekara, jikkar da aka miƙa ba takarda tana sayen abu biyu, wucewar yau da kuma tabbatar da al'adar da za ta sa gobe wani ya gitta igiya a inda ya ga dama, ya san ba mai tambayarsa. Kuma direban da takardunsa ba su cika ba shi ne abincin ɗan bogi, domin da tsoro yake isowa shinge, yana neman wanda zai karɓi kuɗi ya rufe ido, ba ya cikin halin tambayar kowa daga wane ofishi yake. Asirans da bai mutu ba da permi na gaskiya suna ba mutum bakin magana, kuma a wannan fage bakin magana kariya ce.

Mai karatun da ya saba da intanet zai ce ai akwai dabarar da ake koyarwa a Amurka: in kana shakka kada ka tsaya, kunna fitilun gargaɗi, rage gudu, ka tafi har wuri mai haske da jama'a, kana kiran ofishin ƴan sanda a waya. Dabara ce mai kyau a inda aka yi ta, inda motar ƴan sanda ke biyo ka a baya, gidan mai yana kowane ɗan taƙi, kuma akwai mai ɗaukar waya da zai duba ya gaya maka ko motar tasu ce. An gwada irinta a Afirka ta Kudu, inda ƴan fashi ke amfani da shuɗiyar fitila. A 2013 aka fitar da ƙa'idar cewa direba ya rage gudu, ya yi alama da hannu, ya nufi caji ofis ko gidan mai. A ƙarshen 2019 ƙungiyar Justice Project South Africa, wadda da ita aka tsara ƙa'idar, ta janye goyon bayanta, saboda ƴan sandan gaske suna dukan mutanen da suka bi ta, suna ɗaukarsu masu gudu. In haka ta faru a can, a nan abin ya fi haɗari. Mu shinge a gabanmu yake, ba a bayanmu ba. Tsakanin Kaita da Buza babu gidan mai mai kyamara da za a fake, wayar ma akwai kwarin da ba ta kamawa. Ga kuma halin da jami'an kansu suke ciki: tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya, a arewacin jihar Tawa, kuma a watan Maris na 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya a rana ɗaya. Jandarman da ke tsaye da dare a irin wannan zamani, ya ga mota ta ƙi tsayawa ta nufo shi, ba zai tsaya tunanin ko direban shakka yake yi ba. Duk wanda ya ba direban Adar shawarar ya ratsa shinge a guje, ya ba shi shawarar da za ta iya kashe shi tare da fasinjansa, ko shingen na gaske ne ko na bogi.

Saboda haka mafi yawan kariyar tana faruwa ne tun kafin a ga igiya. Tasha ita ce ofishin labarin hanya, kuma ƴan kamasho da direbobin da suka shigo da safe sun san shinge nawa ne tsakanin Tawa da Tsarnawa, na waɗanne ma'aikata ne, da wanda aka ƙara jiya. Direban da ya tambaya kafin ya tashi, in ya tarar da shinge a inda ba a faɗa masa ba, yana da dalilin rage gudu tun daga nesa, ya tsaya inda zai iya juyawa, ya jira wata mota ta iso su zama biyu ko uku. A kan hanya ma labari yana tafiya: wanda ke tahowa daga gaba yana walƙa fitila ko ya yi alama da hannu, kuma tsofaffin direbobi sun san cewa hanyar da ta saba da motoci, in ta yi tsit ba mai tahowa, akwai abin da ya tare su. Tafiyar dare ita ce babbar ƙofa, musamman a kudancin Madawa. A watan Nuwamban 2021 kaɗai, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 11,500 da suka tsallako daga jihar Sakkwato, mafi yawansu suka sauka a ƙauyukan gundumar Bangi, suna gudun ƴan bindigar da suka addabi yankin Sabon Birni. Masu irin wannan ta'asa ba su san iyaka ba, kuma kayan soja ba baƙonsu ba ne. Sai batun kuɗi. Ɗan kasuwar da ya sayar da albasa a Ƙonni ko Galmi, ya cusa miliyoyi a aljihun ƴar ciki, ya kuma bari aka gani a kasuwa, ya riga ya aika wa ɓarawo goron gayyata, domin sau da yawa shingen bogi ba kowa yake jira ba, mota ɗaya aka kwatanta masa. Yau da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana suka buɗe rassa a garuruwa manya da ƙanana, kuɗin aikawa bai kai kwatankwacin abin da ake sakawa a haɗari ba.

Wani zai ce duk wannan maganar masu ilimi ce, talaka bai isa ya tambayi mai bindiga suna ba, in ya yi ma mari zai sha. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na ba ɗan kabu-kabu shawarar ya tsaya yana karanto wa jandarma doka. Amma tambaya iri-iri ce. Direba ya kashe rediyo, ya kunna fitilar cikin mota in dare ne, ya bar hannuwansa a kan sitiyari inda ake ganinsu, ya yi sallama, ya miƙa takardu, sannan cikin ladabi ya ce: “Shef, na birgad ɗin Madawa ne ko na Buza? Maigidan motar zai tambaye ni inda aka tsayar da ni.” Wannan ba raini ba ne, kuma jami'in gaske yana amsa shi ba tare da tunani ba, don ya san sunan birgad ɗinsa da na kwamandansa kamar sunan mahaifinsa. Ɗan bogi kan yi inda-inda, ko ya hau faɗa. Haka in an ce akwai laifi: “To ranka ya daɗe, a rubuta mini, ko mu je ofis in biya.” Na gaske mai neman na goro zai ji haushi, amma abin da zai iya yi bai wuce ya riƙe takardu ya ɓata maka lokaci ba. A motar haya kuma nauyin ba na direba kaɗai ba ne. In aka ce wata fasinja ta sauko ta bi su, dattijon da ke gidan gaba ya ce “ƴata ce, tare za mu je”, sauran su ce motar ba ta tashi sai da ita. Mutum ɗaya ana iya yi masa tsawa ya yi shiru, mutum goma sha tara da suka ga fuska kuma suka ƙi tafiya matsala ce ga wanda ba ya son a daɗe a wurin.

Akwai inda duk wannan ba ya aiki, kuma bai kamata a ɓoye ba. In mutum shida suka fito da manyan bindigogi suka kewaye mota, sanin cewa na bogi ne ba ya ƙara wa kowa komai. Mutanen Benishek da yawa sun gane, amma bayan sun tsaya. A wannan hali ba a gardama, ba a ɓoye waya a ƙarƙashin kujera ana kallo, ba a ƙura wa mutum ido, ana ba da abin da aka nema. Abin da ya rage shi ne abin da za a yi bayan an tsira: a riƙe wurin, da lokacin, da yawansu, da harshen da suke yi, da irin baburansu da inda suka nufa, a kira lambar ƴan sanda, 17, da zarar waya ta kama, a kuma tsaya a birgad ta farko a faɗa. A nan ma tsagar bangon nan tana sake bayyana. Mutane da yawa da aka yi wa ƙwace da kaki ba sa kai ƙara, domin a ransu ba su tabbata ba ko waɗanda za su kai wa ƙarar su ne suka yi. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda asalinta na 1961 ne, ta tanadi hukunci ga mai shiga rigar hukuma ba da izini ba da mai yin aikin jami'i alhali ba shi ba ne, haka ma sashe na 132 da na 133 na dokar Penal Code ta arewacin Najeriya. Sai dai doka ba ta kama wanda ba a kai ƙararsa ba, kuma shingen bogin da ya ci nasara ranar kasuwar wannan mako ba tare da an yi magana ba, zai dawo mako mai zuwa.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan abin da nake faɗa daga wajen jami'an take fitowa. Za su ce in kowane shinge sananne ne, masu safarar makamai da ƙwaya da man sumoga sai su kewaye, don haka dole a riƙa yin sintiri na ba-zata, wani lokaci ma da kayan gida. Wannan gaskiya ne, kuma mai bin hanyar Ƙonni ya san ba ƙaramin abu ke ratsa ta ba. Amma ba-zata daban, rashin suna daban. Ana iya ɓoye wa mai laifi wurin da za a tsaya ba tare da an ɓoye wa mai gaskiya ko su wane ne suka tsayar da shi ba. Bayan kisan Sarah Everard, ƴan sandan Sikotlan suka fito da tsari mai sauƙi a watan Oktoban 2021: jami'in da ke shi kaɗai zai sa rediyonsa a lasifika, ofis ya tabbatar wa mutumin da bakinsa cewa wannan jami'insu ne kuma a bakin aiki yake. Dokar ƴan sandan Najeriya ta 2020 ta ce mai tsayar da mutum don bincike ya kasance cikin kaki ko ya rataya katinsa a fili, ya kuma faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema. Ko ana bin wannan a hanyar Illela zuwa Sakkwato wata magana ce, amma aƙalla an rubuta wa jami'i cewa nauyin gabatar da kai a wuyansa yake. Irin wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa a Kaita ko Buza ko Madawa. Ƴan sintiri su fita da motar aiki mai lamba, suna a ƙirji, littafin rasit a hannu, ba yaron igiya. Kwamandan birgad ya ba shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi lambar da ake ɗauka dare da rana, wadda direba zai kira ya ji ko akwai mutanensu a wuri kaza. Gidajen rediyon karkara su riƙa faɗin shingayen dindindin da Hausa da Tamajak, yadda duk wanda ya ga ƙari zai san ƙari ne. Ƙungiyoyin masu albasa da na masu motoci, waɗanda su ne ke biyan kuɗin hanyar nan kowace rana, suna da nauyin da za su zauna da prefe da kwamanda su nemi waɗannan abubuwa a rubuce, kuma lokacin da ya fi dacewa su nema shi ne kafin kakar albasa, tun motoci ba su fara layi a bakin lambunan Tamaske ba.